Tun ran gini tun ran zane: maganar ɗakin taron da kamfani ke son gina mana



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya sake nuna mana wata Juma'ar muna raye. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, iyayenmu, malamanmu, 'yan uwa maza da mata mazauna Mile 3 da kewaye, ku yi mana haƙuri, takardar wannan makon ta fi ta kullum tsawo. Dalili kuwa shi ne maganar da ke ta yawo a bakin masallaci da teburin mai shayi game da filin bayan masallaci. Mun ji ana cewa an sayar da fili. Mun ji ana cewa kwamiti ya karɓi kuɗi ya yi shiru. Babu ko ɗaya da ya faru. Littafin taro yana hannunmu, duk mai so ya zo ya duba. Amma tunda magana ta fita, gara ku ji ta daga tushe.

Makonni uku da suka wuce wani kamfani mai ofis a nan Fatakwal ya aiko mana da wakilansa, maza biyu da mace ɗaya. Ba za mu ambaci sunan kamfanin ba tukuna, don ba a gama magana ba. Sun ce daga cikin kuɗin da suke warewa duk shekara don kyautata wa unguwannin da suke ciniki a cikinsu, suna so su gina ɗakin taro na unguwa a bayan masallacinmu, daidai inda tsohuwar rumfar kwano take, wadda yara ke karatun allo a ƙarƙashinta. Su za su kawo kuɗin gini da mai zane da magina. Mu kuma mu ba da fili, mu riƙe wurin bayan an gama. Abin da suke nema a wajenmu shi ne a rubuta sunansu a jikin ginin, a ba su wasu ranaku a shekara su yi taronsu a ciki, kuma ƙofa ta kasance a buɗe ga kowa a unguwa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba.

Sai suka buɗe kwamfuta suka nuna mana hoton ginin. Wallahi jama'a, hoto ya yi kyau. Gaba duk gilashi, ƙasa tayil, kujeru a jere, na'urar sanyaya ɗaki, ga doguwar matattakala an hau an shiga ta ƙofa guda, ga fenti irin kalar kamfanin. Wani dattijonmu, Allah Ya ƙara masa lafiya, har ya ce a kawo biro. Mu ma da muke rubuta bayanin taro sai da hankalinmu ya tafi. Malam Liman ne ya yi gyaran murya ya tambaye su, ina banɗaki? Aka duba hoto, aka juya shi, aka samo guda biyu can a ƙuryar baya. Ya sake tambaya, mace mai tsohon ciki, ko tsoho mai dogara sanda, ko ɗan uwanmu da ke tafiya a kan keken guragu, ta ina zai shiga? Nan wuri ya yi tsit.

A yi wa baƙin nan adalci, ba su ji haushi ba. Matar da ke cikinsu ta ɗauki takarda tana rubutawa. Ta ce wannan zanen na wani gini ne da suka taɓa yi a wani wuri, suka ɗauko shi don mu ga misali, kuma ana iya canza shi idan mun kawo musu abin da muke so a rubuce kafin ƙarshen wata mai zuwa. To kun ji inda maganar ta tsaya. Ba a sa hannu a komai ba.

Tambayar farko da mutane suka yi ta kawo mana ita ce, ya halatta mu karɓi gini daga kamfanin da masu shi ba Musulmi ba ne? Mu ba malamai ba ne, don haka Malam Liman muka kai wa, abin da za mu faɗa a nan daga karatunsa muka ɗauko. Ya ce a duba aya ta 8 a Suratul Mumtahana, inda Allah bai hana mu kyautatawa da yin adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu a kan addini ba, ba su kuma kore mu daga gidajenmu ba. Ya ce a duba aya ta 2 a Suratul Ma'ida, mai umarni da taimakekeniya a kan alheri da hana taimakekeniya a kan saɓo. Ya tuna mana cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi kyautar Muƙauƙisu mai mulkin Masar, ya yi yarjejeniyar noma da Yahudawan Haibara a kan su noma ƙasar a raba amfani biyu, kuma ya bar duniya sulkensa na jingine a wajen wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa. Wanda ya yi masa jagorar hanya ranar Hijira ma, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, a lokacin yana kan addinin mutanensa, amma ya san hanya kuma ya riƙe amana. Saboda haka hulɗar kanta babu laifi. Abin dubawa shi ne mene ne sana'ar kamfanin, kuma me suke so a yi a cikin ɗakin. Mun bincika, ba giya suke sayarwa ba, ba caca suke yi ba. Da ɗaya daga ciki ne da tun a ƙofa mun yi musu godiya mun sallame su.

Malam ya ƙara da wani abu da ya kamata kowa ya riƙe. Ɗakin taro ba masallaci ba ne, hukuncin masallaci ba ya hawa kansa. Matar da ba ta salla za ta iya shiga ta zauna. Ana iya maganar ciniki da bashi a ciki. Maƙwabcinmu Kirista zai iya zuwa ya zauna a yi shawarar kwata ko ta 'yan sintiri ba tare da wani ya ji nauyi ba. Wannan shi ne babban amfaninsa ma, don abubuwa da yawa da muke cusa wa masallaci ba wurinsu ba ne. Amma fa sai an raba su a fili, ɗakin taro da ƙofarsa daban, da ɗan fili ko katanga tsakaninsa da sahun salla, kada gobe a wayi gari ana kiɗa a jikin bangon alƙibla.

Yanzu bari mu ɗan daɗe a kan wani labari, don shi ne ya fi tsaya mana a rai tun ranar da muka ga matattakalar nan.

Lokacin da Manzon Allah yake da shekara 35, kafin a aiko shi, Ƙuraishawa suka tashi sake ginin Ka'aba saboda ambaliya ta raunana ta. Sun sami katako daga wani jirgin ruwa da ya lalace a gaɓar teku, kuma malaman tarihi sun kawo cewa magininsu wani Barume ne mai suna Baƙum. Kun ga ke nan, ɗakin Allah ma baƙo ne ya zo da ƙwarewarsa aka yi aiki da shi. Suka yi wa kansu sharaɗi cewa ba za a sa kuɗin riba ko na zalunci ko na alfasha a ginin ba. Da kuɗin halal ya gaza, ba su je sun cika da na haram ba, sai suka rage girman ginin. Wannan ɓangaren da suka bari a waje shi ne Hijir, wanda alhazanmu ke gani an kewaye shi da gajeriyar katanga mai kama da rabin da'ira. Da aka zo ɗora Hajarul Aswad kowace ƙabila ta ce ita za ta ɗora, har aka kusa zare takobi. Kun san yadda aka warware: aka shimfiɗa mayafi, aka sa dutsen a tsakiya, kowane shugaban ƙabila ya kama gefe, Manzon Allah ya ɗora shi da hannunsa. Kowa ya koma gida yana jin da shi aka yi.

Amma akwai abu guda da Ƙuraishawa suka yi wanda bai yi daidai ba, kuma yana cikin Buhari da Muslim. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta tambayi Manzon Allah dalilin da ya sa ƙofar Ka'aba take can sama. Ya sanar da ita cewa mutanenta sun yi haka ne don su shigar da wanda suka ga dama su hana wanda suka ga dama, ya kuma nuna cewa ba don gudun rikita mutanen da ba su daɗe da shiga Musulunci ba, da ya sauke ƙofar ta yi daidai da ƙasa, ya yi mata ƙofa biyu. Ku duba fa, jama'a. Ba su rubuta a bango cewa wane kada ya shiga ba. Tsayin ƙofa kawai suka ƙara, tsayin ya yi musu aikin mai gadi.

To mu ma ana iya yi mana haka, mu ma muna iya yi wa kanmu haka, ba tare da mugun nufi ba. Idan aka yi matattakala goma babu gangara, an kori tsofaffi da guragu. Idan aka yi ƙofa guda da za a bi ta tsakiyar majalisar maza, an kori matanmu, don mun san ba za su ratsa ba. Idan aka yi tayil mai sheƙi da kujerun alfarma, mai turin ruwa da mai wankin takalmi da mai yankan farce za su tsaya a waje suna leƙe, suna jin ba irin wurinsu ba ne, alhali su ne suka fi kowa buƙatar inuwa da famfo. Duk wannan a kan takarda ake yanke shi, tun kafin a sayi buhun siminti ɗaya. Shi ya sa Bahaushe ya ce tun ran gini tun ran zane.

Mu da muke zaune a Jihar Ribas ba mu da uzurin cewa ba mu san yadda kyautar kamfani ke ƙarewa ba. Duk wanda ya taɓa kai kaya ƙauyukan Neja Delta ya ga gine-ginen da ciyawa ta cinye, ga allon sunan wanda ya gina a tsaye, ga kwaɗo a ƙofa ya yi tsatsa. Ɗakin shan magani babu ma'aikaci. Tankin ruwa a sama babu injin da zai tura ruwa. Su kansu kamfanonin mai sai da suka gane cewa gina wa mutane abin da ba su nema ba asarar kuɗi ce. Shi ya sa Chevron a 2005, sannan Shell a 2006, suka koma wani tsari da ake kira GMoU: a haɗa garuruwa rukuni-rukuni, a kafa musu kwamitin ci gaba, kamfani ya zuba kuɗi na wasu shekaru, mutanen gari su zaɓi aikin da suke so da kansu. Shi ma tsarin bai rasa rigima ba, musamman a kan wa zai shiga kwamiti, amma ya fi na da. Ta ɓangaren gwamnati kuma, hukumar NDDC da aka kafa a 2000, mai hedikwata a nan garin, binciken da aka miƙa wa gwamnatin tarayya a 2021 ya yi maganar ayyuka sama da 13,000 da ba su tafi yadda ya kamata ba. Gani ga wane, in ji masu magana, ya ishi wane tsoron Allah.

A watan Agustan 2021 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar man fetur da ake kira PIA. Dokar ta wajabta wa kamfanonin haƙar mai su riƙa zuba kaso 3 cikin 100 na kuɗin da suka kashe wajen gudanar da aiki a shekarar da ta gabata cikin wani asusun amana na garuruwan da suke aiki a ƙasarsu. Ta kuma ce kafin a yi aiki sai an bi mutane an tambaye su buƙatunsu. Abin da ya fi burge mu shi ne yadda ta raba kuɗin: kaso 75 na ayyuka, kaso 20 a ajiye don gaba, abin da bai wuce kaso 5 ba na tafiyar da ofis. Mun kawo wannan ne don dalili biyu. Na ɗaya, kada wani ya ruɗe ku cewa wannan ginin haƙƙinmu ne na doka. Kamfanin da ya zo mana ba na haƙar mai ba ne, mu kuma ba mu ne masu ƙasa ba. Kyauta ce ta ganin dama, mai kyauta kuwa yana iya fasawa. Na biyu, wannan dabarar ta ajiye wani kaso don gaba, ita ce ya kamata mu ara.

Don gini ba ya ƙarewa ranar da aka yanka ƙyalle aka ɗauki hoto. Kun san ruwan Fatakwal, wata nawa yake yi yana zuba. Kun san yadda kwano ke tsatsa a nan cikin 'yan shekaru, wanda a Katsina ko Sakkwato zai yi shekara da shekaru. Kun san baƙar kunkunniyar da ta fara sauko mana daga sama tun ƙarshen 2016, wadda farar riga ba ta kwana a igiya. Wa zai riƙa goge wannan gilashin? Na'urar sanyaya ɗaki da wace wuta za ta yi aiki, wa zai sayi man janareto? Mu da kuɗin wutar masallaci ma sai an yi ta sanarwa bayan sallar Juma'a kafin ya cika. A ra'ayinmu, kuma ra'ayi ne, ana iya ƙin sa: a bar gilashi da na'urar sanyi, a yi manyan tagogi masu fuskantar juna da fankoki, a ɗaga daɓe sama da inda ruwa ke kaiwa idan kwata ta cika, a yi gangara maimakon matattakala, kuɗin da ya ragu a sa sola da rijiyar burtsatse da tanki. Sannan a fitar da shaguna biyu ko uku ta bakin hanya, hayarsu ta zama wakafi na gyaran ginin, kada a taɓa ta don wani abu daban.

Wakafi ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Sayyidina Umar ya sami gona a Haibara, ya nemi shawarar Manzon Allah, aka nuna masa ya tsare asalin gonar kada a sayar kada a gada, ya riƙa sadaka da amfaninta. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina lokacin da ake sayar wa mutane ruwanta, ya bar wa jama'a kowa ya ɗiba. A gida ma Jihar Sakkwato tana da hukumar zakka da wakafi. Abin da ya rage mana shi ne mu rubuta namu yadda zai tsaya a gaban kotun Jihar Ribas.

Wannan ya kawo mu ga maganar da ta fi kowace zafi, wato takardar fili. Gaskiya ɗaya ce, kuma gara ku ji ta yau. Filin bayan masallaci iyayenmu ne suka haɗa kuɗi suka saya daga hannun wani gida na 'yan ƙasa, amma rasiɗin da sunan mutum ɗaya aka rubuta shi, dattijon da ya jagoranci sayen, Allah Ya jiƙansa. Ya rasu, magadansa suna Arewa. Mutanen kirki ne, babu wanda ya taɓa tayar da magana, amma a idon doka filin ba na masallaci ba ne. Tun dokar mallakar ƙasa ta 1978 ƙasar birni tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum ke riƙewa shi ne takardar C of O, mu kuwa ba mu da ita. Masallacin ma ba a yi masa rajistar amintattu a hukumar CAC ba, abin da muka yi ta cewa za a yi, za a yi, har yau. Laifin nan namu ne na kwamiti, har da mai rubuta wannan takarda. Waɗanda suka daɗe a Diobu sun ga yadda aka rushe Njemanze a 2009, sun ga na bakin ruwa a farkon 2022. Ba muna cewa irin wannan zai same mu ba ne, wurinmu daban. Muna cewa ne a garin nan wanda ba shi da takarda ba shi da bakin magana.

Ku tuna da yadda aka fara masallacin Madina. Filin na wasu marayu biyu ne, Sahlu da Suhailu, daga Banu Najjar. Sun so su ba da shi kyauta, Manzon Allah ya ƙi karɓa sai da aka saya aka biya. Sai da aka tsarkake maganar fili kafin a ɗora tubali. Mu ma kafin kamfani ya kawo bulo ɗaya, sai an tura mutum biyu Arewa sun zauna da magadan marigayi, an rubuta cewa filin wakafi ne, an yi rajistar amintattu, an sami lauya ya duba. Idan kamfani ya ce ba zai iya jira ba, to mun gode, Allah Ya kawo wani. Gara rumfar kwano a kan fili mai tsabta da bene a kan rigimar gado.

Sai maganar wa aka tambaya. A nan ma akwai abin kunya a wajenmu. Ranar da baƙin suka zo, mu goma sha wani abu ne a zaune, duk maza, kusan duk masu shago. Mace ɗaya tilo a ɗakin ita ce wakiliyar kamfani. Da muka je daga baya muka sami malamar Islamiyyar matan aure muka gaya mata, abin da ta fara cewa shi ne, yanzu kuka tuna da mu? Ba mu da amsa. Alhali a zamanin Manzon Allah mata sun zo sun ce maza sun rinjaye su a wajensa, ya ware musu rana tasu, ya kuwa ware. A cikin masallacinsa aka kafa tantin da aka yi jinyar Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ, kuma malaman tarihi sun ce Rufaida ce mai jinyar. A jikin masallacin nan kuma akwai Suffa, rumfar da baƙi marasa gida da dangi ke kwana suna karatu, Abu Huraira yana cikinsu. Idan kuna neman zanen cibiyar unguwa, ga shi nan tun shekara 1,400 da suka wuce.

Da muka fara zagayawa muna tambaya, abin da muka ji ya bambanta ƙwarai da hoton kwamfuta. Mata sun ce banɗaki nasu daban mai ƙofa ta gefensu, da famfo, da aji mai rufi don karatunsu da na yara, da wurin da ma'aikatan lafiya za su zauna ranar rigakafi ko awon ciki maimakon a tsaya a rana. Dattawa sun ce wurin wankan gawa mai sutura, don kowa ya san wahalar da muke sha idan aka yi mana rasuwa a gidan haya mai ɗaki ɗaya. 'Yan albasa da 'yan tumatir sun ce ɗakin da baƙo zai kwana biyu ko uku idan mota ta sauke shi da dare bai san kowa ba, maimakon ya kwanta a tasha 'yan sintiri su tashe shi da tambaya. Samari sun ce wurin cajin waya, da koyon gyaran waya da ɗinki, da kallon ƙwallo. Da aka zo kan ƙwallo wasu iyayenmu suka ɓata rai. Mu dai muna ganin yaron da ke kallon ƙwallo a bayan masallaci, a kashe talabijin idan an kira salla, ya fi wanda ke kallonta a mashaya. Amma wannan ku za ku yanke. Shi kuma kamfani abin da ya fi so shi ne ajin koyon kwamfuta, don shi ne ke kyau a hoto. Ba mu ƙi ba, yaranmu masu rubuta JAMB suna buƙatarsa, tunda jarrabawar a kwamfuta ake yin ta. Sai dai fili kaɗan ne, ba duka za su shiga ba. Dole wani ya haƙura, kuma mun fi so a yi haƙurin a gaban kowa bayan an yi shawara, yadda aya ta 38 a Suratush Shura ta siffanta muminai, da a ce mutum biyar sun yanke a ɗaki.

Kada kuma mu manta da masu masaukinmu. Nan ƙasar Ikwerre ce, Nkpolu-Oroworukwo, suna da sarakunansu da shugabannin matasansu. Idan suka wayi gari suka ga tipa na sauke yashi a bayan masallacin Hausawa da sunan kamfani, ba a gaya musu ba, me kuke jin za su ce? Za su ce baƙi sun karɓe rabon 'yan gida. Mun roƙi Sarkin Hausawa, Allah Ya ja zamaninsa, ya jagorance mu mu kai gaisuwa tun yanzu, mu kuma ba su kujera a kwamitin ɗakin, su da maƙwabtanmu Ibo masu shaguna a layin. Wasu sun ce idan an shigo da su za su ƙwace. Mu kuma muna ganin ginin da maƙwabci ke ɗibar ruwa a famfonsa, ɗansa ke koyon kwamfuta a cikinsa, shi ne ginin da zai tsaya ya kare ranar da hankali ya tashi. 'Yan uwanmu na Anacha da suka ga abin da ya faru a 2006, da na Oyigbo a 2020, sun san darajar maƙwabcin da zai buɗe maka ƙofa. Kuma ba yau aka fara zaman amana tsakaninmu da mutanen kudu ba. Magajin garin Inugu na farko, a shekarun 1950, Malam Umaru Altine ne, mutumin ƙasar Sakkwato, kuma ƙuri'ar mutanen garin ce ta kai shi.

Duk abin da aka amince a kai sai an rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, aya ta farko a Suratul Ma'ida kuma a kan cika alkawari. Wakilan da suka zo mana mutanen kirki ne, amma ma'aikata ne, gobe ana iya canza musu wurin aiki, wanda zai gaje su takarda kawai zai duba. Don haka a rubuta cewa fili da gini na amintattun masallaci ne, kamfani ba shi da mallaka a ciki. A rubuta kwana nawa za su yi amfani da ɗakin a shekara, ban da Juma'a, ban da lokutan salla, ban da goman ƙarshe na azumi. A rubuta abin da ba za a yi a ciki ba ko wane ne ya karɓi haya: giya, caca, da taron jam'iyya, kowace jam'iyya ce. A rubuta girman allon sunansu da inda za a kafa shi, ta bakin hanya, nesa da ƙofar masallaci. A rubuta abin da zai faru idan kuɗinsu ya yanke gini na rabi. A nemi a ɗauki yaranmu da yaran 'yan ƙasa aikin leburanci da birkila. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, to mu san irin askin tun kafin mu karɓi ladan. Mu ma kuma abin da muka ɗauka a wuyanmu, shara da gadi da buɗe ƙofa ga kowa, ya zama wajibi mu cika, kada a ce Musulmi sun sa hannu sun saɓa.

Maganar mabuɗi ita ce ta ƙarshe, kuma tsakaninmu ce. Tun yanzu mun fara jin ƙishin-ƙishin, wai 'yan gari kaza ne za su riƙe, wai 'yan ƙungiya kaza ba za su yi wa'azi a ciki ba. Jama'a, mu ji tsoron Allah. Ko tubali ba a sa ba. A Suratut Tauba, aya ta 107, Allah Ya ba mu labarin ginin da aka tayar da sunan alheri alhali an yi shi ne don raba kan muminai, kuma kun san ƙarshensa. Shawarar da kwamiti zai kawo ita ce mabuɗi ya zama uku: ɗaya a wajen ladan, ɗaya a wajen malamar Islamiyya, ɗaya a wajen wanda samari suka zaɓa, sannan a kafa allo a ƙofa a riƙa rubuta wanda ya kama rana, a kuma karanta lissafin kuɗin haya duk wata uku a cikin wannan takarda.

Taron mata gobe Asabar ne bayan an tashi daga Islamiyya, malama ce za ta jagoranta, mu rubutu kawai za mu je yi. Taron maza jibi Lahadi bayan La'asar a ƙarƙashin rumfar kwano, don kowa ya ga filin da idonsa. Mun roƙi mai zanen kamfanin ya zo da babbar takarda da fensir, ya bar kwamfuta a ofis, kuma za a sami mai fassara. Masu turin ruwa da masu gadi da ba sa samun zuwa da rana, za mu same ku bayan Isha'i a inda kuke taruwa. Duk wanda ke da wata tsohuwar takarda ko rasiɗi da ya shafi filin nan, ko ya san dattijon da ya halarci sayensa yana raye a nan ko a gida, don Allah ya same mu yau bayan an sallame.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka sayi wannan fili da guminsu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da Jihar Ribas da Najeriya lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Sakataren masallaci, a madadin kwamiti.